Diyyar Ɗan Ƙwadago

Tun 2010 doka ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kwatankwacin kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, saboda ranar tsautsayi. Madalla da Abuja. Amma a gonakin Funtuwa da Malumfashi, in injin casar masara ya ɗauke wa ɗan ƙwadago yatsa, diyyar da ba ta makara ita ce “sannu”. Mai gona mai kirki ya ƙara da kuɗin kemis da tiya biyu ta masara. Marowaci kuwa injinsa zai fara dubawa, ko yatsan ya yi masa ɓarna. Shi asusun NSITF da takardar albashi yake lissafi, ɗan ƙwadago kuwa a bakin gona ake sallamarsa da la'asar.