Ƙulli Ɗaya da Tan 17

Daga jin an ce wiwi har ka fara a'uziyya, Alhaji. Kwantar da hankalinka, kurɓi shayinka. Ban ce halal ce ba, ni ko warinta ba na so. Lissafi na zo mu yi, tunda kai ɗan kasuwa ne.

A watan Maris na 2021, jami'an OCRTIS, hukumar yaƙi da safarar miyagun ƙwayoyi, sun kama wiwi tan 17 a wani sito a Yamai. Daga Labanan aka yo ta, ta sauka Lome, za ta Libiya. Tan 17 fa! Wannan ba kayan da ɗan kabu-kabu ke cusawa a safa ba ne. Janairun 2022 kuma, nan jiharmu ta Agadez, hodar ibilis sama da kilo 200 aka tarar a motar magajin garin Fachi. An kama, madalla. To leƙa kaso ka ƙirgo mini: masu sito nawa, masu ƙulli ɗaya nawa?

Na ji ka: wai sassauci aƙidar Turawa ce. Kai da ka ga dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure da idonka? Turai na tafi, aka kwashe direbobin hanyar Dirku, motoci suka yi ƙura a hannun hukuma, tasha ta mutu. Sai Nuwamban 2023 aka soke dokar. Ba a yi wata biyar ba Jamus ta yarje wa 'ya'yanta yawo da wiwi giram 25 a aljihu. Nasu gata, namu ankwa.

A Amurka ma, baƙi da farare kusan daidai suke zuƙa, amma kamun baƙin ya kusa ninki huɗu, in ji ƙungiyar ACLU. Hayaƙi ɗaya, hancin ɗan sanda ne ke zaɓen fata.

Ka taɓe baki? To ga Maroko. A 2021 ta halatta noman wiwi don magani, a Agustan 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yafe wa manoma sama da 4,800. Ko shi ma Bature ne?

Roƙona ɗan kaɗan ne: yaro mai ƙulli ɗaya a kai shi gun likita, a ba shi sana'a, a bar wa mai sito ɗakin kason. Da naka ɗan aka kama, da tuni ka zura babbar riga ka isa komisariya kafin la'asar. Ɗan mai sayar da ruwa wa zai je masa?

Shayinka ya huce, Alhaji. A zuba maka na biyu?