Ni da Baƙar Taga

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini. Kafin ya tafi bautar ƙasa ya kama mini hayar wata kwamfuta a birnin Frankfurt na Jamus, wai a can shafin da nake zuba rubuce-rubucena zai zauna. Saba suke ce mata. Ban taɓa ganinta ba, amma duk wata sai na biya kuɗinta, kamar wanda ya ajiye mata a wani gari. Ya rubuta mini wasu lambobi a bayan katin ɗaurin aure, ya ce, "Kawu, in wani abu ya taso ka buɗe PuTTY ka shiga. Ba wuya."

Sati uku da tafiyarsa abu ya taso.

PuTTY ɗin nan wata 'yar manhaja ce da wani Bature ɗan Ingila, Simon Tatham, ya fitar tun 1999, kuma da ganin fuskarta ka san ba ta canja kaya ba tun lokacin. Na buɗe, na zuba lambar sabar a gurbinta, na ga 22 a gefe. Daga baya na ji cewa ƙofa ce, wadda Tatu Ylönen, mutumin Finland da ya ƙirƙiro SSH (hanyar da PuTTY ke bi ta shiga saba) a 1995, ya samo wa tsarinsa a tsakanin ta 21 da ta 23. Ni dai a ranar na ɗauka yawan mutanen da ke gabana a layi ne.

Ina danna Open sai ga gargaɗi da dogon Turanci, wai ba a san wannan saba ba, na amince da ita? Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, 'yan damfara sun riga ni. Ashe gaisuwar farko ce kawai, manhajar na son ta riƙe shaidar sabar don ta gane ta gobe. Na yi bismilla na amince.

Sai baƙar taga ta buɗe, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ta nemi suna, na rubuta. Ta nemi kalmar sirri, na rubuta, ban ga komai ba. Ko ɗan ɗigon nan da ake gani a Facebook babu. Na sake rubutawa a kan ta farko, shiru. Na ƙara ta uku da ƙarfi, har teburin na motsi, sannan na danna Enter. Ta ce "Access denied". Na yi ta yi har ta daina kula ni gaba ɗaya, domin yaron ya sa wani mai gadi da ake kira fail2ban, wanda in ka cika kuskure yake rufe maka ƙofa na minti goma. Wato kuɗina, sabata, ni ne kuma ɓarawon.

A nan na yanke hukunci irin na masu ilimi: kibod ya mutu. Ban tsaya na tambayi kaina yadda mataccen kibod ya rubuta sunana yanzun nan ba. Na hau babur cikin rana na je kasuwa na sayo sabo dal. Na dawo na jona, kalmar sirri ta ƙi fitowa kamar ɗazu. Sai da dare na samu yaron a waya. Ya yi dariya har da tari, sannan ya tuna da wa yake magana.

"Yi haƙuri, Kawu. Da gangan ake ɓoye ta, don kada na bayanka ya ƙirga haruffan. Ka rubuta sau ɗaya tak."

Sau ɗaya na rubuta, ƙofa ta buɗe.

Daga nan sai girman kai ya shige ni. Na shiga saituna na ƙara girman rubutu saboda idona, na mai da shi kore irin na fina-finai, na sa 30 a gurbin da ke sa manhajar ta riƙa taɓa sabar duk bayan daƙiƙa talatin don kada layi ya yanke in na tashi alwala. Awa guda ina wannan ado. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita, na buɗe, babu ko ɗaya. Ashe sai ka koma shafin farko, ka ba saitin suna, ka danna Save. Ban danna ba. Aikin baban giwa.

Amma abin da har yau ake yi mini tsiya da shi a gida shi ne na cefane. A PuTTY danna ɓangaren dama na maus ba ya buɗe jerin zaɓi kamar yadda aka saba. Duk abin da ka kwafa a baya shi yake juyewa cikin tagar, kowane layi kuma sabar ta ɗauke shi umarni. Abin da na kwafa na ƙarshe kuwa saƙon uwargida ne. Ina dannawa sai na ga kwamfutar Jamus tana amsa mini ɗaya bayan ɗaya:

tumatir: command not found
attaruhu: command not found
daddawa: command not found

Uwargida na tsaye a bayana da kofin shayi. Ta karanta, ta ce, "Malam, har Jamus ka aika neman daddawa? To su ma sun ce babu. Sai ka tashi ka tafi kasuwa."

Na tashi na tafi, karo na biyu a sati guda. Da yaron ya ji labari sai ya ce in gode Allah cefane na kwafa, da wani mugun umarni ne da tuni shafin ya zama tarihi. Ya nuna mini inda ake canja aikin maus ɗin a ƙarƙashin Selection. Na canja, na koma na danna Save har sau uku.

Sabon kibod ɗin yana nan a kwalinsa a kan durowa, sau ɗaya aka jona shi. Mai buƙata ya yi magana, zan rage masa.