Injiniyan Dare Ɗaya

Ina da wata cuta: duk abin da aka ɗaure da sukuru, sai in ga kamar maƙerinsa bai gama tunani ba, ni zan ƙarasa masa. Rediyo ya sha hannuna, fanka ma haka. Da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 na lallaɓa na sayi mota mai aiki da batir, sai cutar ta samu babban fili.

Cajar da ta zo da motar irin ta soket ɗin ɗaki ce, ampiya 10 take ja a wutarmu mai bolt 230, wato kilowat 2.3. Batirin kuwa kilowat-awa 60 ne. Ka raba ka gani: awa 26 kafin ya cika daga ƙasa, in ma ba a ɗauke wuta ba. Na dubi siririyar wayar na yanke hukunci cewa ita ce ke shaƙe wutar. Na je kasuwa na sayo mai kauri, na yanke, na haɗa, na naɗe da salatif, har na kira yara su ga aikin babansu. Washegari lissafin bai motsa ko da minti ɗaya ba.

Ashe ainihin cajar a cikin motar take. Ɗan akwatin da ke jikin wayar saƙo kawai yake aika wa motar cewa ga iya abin da za ta ja, ita kuma ba ta ƙetare umarni. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa murna na yi, don na gano wanda zan matsa wa. Na lalubo maɓallin da ke sauya ampiya na kai shi 16, alhali a jikin fulogin an rubuta 13 ɓaro-ɓaro. Fiyus bai ƙone ba, na ɗauki hakan a matsayin shaidar gwaninta.

Cikin dare warin roba ya cika gida. Na fara zagin masu ƙona shara a unguwa, uwargida ta haska tocila a bango ta ce, "Malam, sharar taka ce." Soket ya yi baƙi, fulogi ya narke ya manne kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Mai wayarin da na kira yaro ne, bai kai ƙanena ba, amma ya yi mini karatu a tsanake. Fiyus na 13 yana iya jure 16 na tsawon lokaci yana zafi bai tsinke ba, kuma zafin ya fi ƙarin wutar saurin hawa: daga 10 zuwa 16 ya ninka sau biyu da rabi. Mai son sauri sai ya ja layi na musamman daga mita, da burekarsa, ya kafa cajar bango mai ampiya 32, ta cika batirin cikin kamar awa 8.

Sai ya tambaye ni, "Yallaɓai, ina kake zuwa kullum?" Ofis, makarantar yara, kasuwa. Ya ce awa 10 na tsohuwar cajar suna ba da tafiyar da ta haura kilomita 100, kuma duk awannin nan barci nake yi. Gaggawar tawa ta mota ce mai kwana a tsakar gida, irin ta masu ƙetare layi a filin jirgi alhali kujerarsu na rubuce a tikiti.

Na biya kuɗin soket da sabuwar waya. Da zai tafi ya ga tukunyar gas ɗinmu, ya ja uwargida gefe ya roƙe ta ta ɓoye sukudireba.