Yadda Ake Shirya Saƙo Kafin Ya Fita Ƙofa

Natsu, abin ba wuya. A ƙwayoyin jikinka, littafin umarni, wato DNA, yana kulle a cibiya, ba ya leƙa waje. In ana son furotin, sai a kwafi shafinsa zuwa RNA ɗan saƙo. Kada ka yi gaggawar tura shi. Ba a fita kai ba hula.

Da an rubuta haruffa 20 zuwa 30 na farko, sai a kafa masa hular. Sauran jikin bai samu ba tukuna, amma hula ba ta jiran jiki. Harafin G ne tilo, kuma a juye ake ɗora shi, don masu cin saƙo ta ka su zo su rasa bakin kamawa.

Sai yanka. Ɗauki distirofin, furotin da ke tallafe da tsokarka. Umarninsa ya haura haruffa miliyan 2, kwafarsa takan ci wajen awa 16. Daga ciki ake ware gutsattsari 79, a ɗinke su su ba da haruffa kamar 14,000, a zubar da sauran. Fiye da kashi 99 cikin ɗari ke nan, kamar telan da ya karɓi bandir ɗin shadda ya miƙo maka aljihu. Za ka ce me ya hana a kwafi 14,000 ɗin kawai tun farko. Yi tunani. In ba a rubuta abin zubarwa ba, me za a zubar?

Kuma ba da ka ake yankan ba. Kusan kowane yanki na zubarwa yakan fara da GU ya ƙare da AG, kuma sai an ƙulla shi zarge tsaf kafin a wargaza shi. Richard Roberts da Phillip Sharp sun gano wannan yanka da ɗinkin saƙo a 1977, aka ba su kyautar Nobel a 1993. Ƙwayar da ke aikin ba a ba ta komai ba.

Saura wutsiya. Da an wuce alamar AAUAAA kaɗan, sai a datse saƙon, a jera masa harafin A wajen 200. Babu su a littafin, ƙari ne.

Yanzu zai iya fita ta ramin cibiya zuwa wurin ribosom, mai harhaɗa furotin. Ribosom ba ya fassara hular, ba ya fassara wutsiyar. Ita wutsiyar ma tun fitowa ake gutsurarta kaɗan-kaɗan. In ta gajarce, sai a cire hular, a cinye saƙon, a koma cibiya a sake kwafar miliyan 2.