Tsarabar Fatakwal

A Kano in ka yi baƙo, ɗakinsa ake kai masa abinci, a rufe kwano da faifai, a ja masa ƙofa. Ya ci da hannu biyu in ya ga dama, babu mai ƙirga masa loma. Shi kuma ya bar ɗan saura saboda yaran gida. Da wannan tarbiyyar na sauka Fatakwal wajen wani abokina Bakalabare, wanda ya yi bautar ƙasa a unguwarmu, ya shekara yana cin tuwon mahaifiyata. Yana tarbata ya ce, “Malam, yau zan biya bashin Hajiya.”

Wani gidan abinci ya kai ni a bakin ruwa, tare da matarsa, da 'ya'yansa, da surukarsa. Su a wajensu karrama baƙo shi ne a zauna a kewaye shi, a zuba masa ido yana ci.

Ni dai ilimina a kan kifi bai wuce tarwaɗa da karfasa ba, sai giwan ruwa da nake gani a hotunan bikin Argungu. Aka dire mana wata tukunya, wai miyar masunta. Na leƙa. Ga jatan lande da gashin bakinsu, ga ƙaguwa ta ɗaga hannu sama kamar ɓarawon da aka ritsa a kasuwar Kurmi, ga wasu ƙananan dodon koɗi baƙaƙe masu tsini da suke kira isam, duk suna iyo cikin manja da attaruhu. A gefe kuma onunu, wato doya da nunanniyar agada da aka kirɓa tare da manja.

Na fara neman mafita ta addini. Na gyara hula na ce, “To, ka san mu akwai abin da ba ma ci.” Ya yi dariya ya ce, “Haba Malam, limamin unguwarku da kansa ya gaya mini, a Malikiyya duk abin da ke cikin teku halas ne.” Ashe zaman da ya yi a Kano ba tuwo kaɗai ya ci ba.

Na yi bisimilla, na jefa isam ɗaya a baki na tauna. Ƙarar da ta fito sai da mai kawo abinci ya waiwayo. Ƙaramar 'yarsa ta taso ta ce, “Kawu, duba.” Ashe tun a kicin an guntule gindin ɓawon, sai ka ɗora leɓe ka zuƙa da ƙarfi, tsut, naman ya faɗo. Mu da ake yi wa faɗa in bakinmu ya yi ƙara a gaban manya! Na zuƙa a hankali, shiru. Na ƙara, shiru. Na tattara ƙarfina na ja, naman ya wuce maƙogwaro da rakiyar attaruhu. Ina tari, hawaye na zuba, teburin ya kaure da tafi. Surukar ta ce miyar ce ta ratsa ni.

Da na ga na yi abin da zan iya, na bar saura a kwano, na ce alhamdu lillahi, na ƙoshi. Fuskar matar gida ta canza. “Bai yi maka daɗi ba ke nan, Malam?” Kafin in yi bayani an kawo gasasshen kifi. Don in wanke kaina na cinye shi tas. Tsohuwa ta leƙa kwanon ta ce yaron nan yunwa yake ji, a ƙaro. In na rage a sauya mini wani, in na cinye a ƙara. Da na yaba ƙaguwa don in samu su sarara, ban san takarda na sa wa hannu ba.

Washegari a tasha ya miƙo mini kwando an rufe da ganye. “Na Hajiya ne. Da ransu suke, don kada su lalace a hanya.” Tsaraba ba a mayar da ita. Na tura kwandon ƙarƙashin kujera.

Cikin dare, mun kusa Lakwaja, inda Neja da Binuwai suka haɗu, ina jin sun shaƙi ƙamshin ruwa. Wata baiwar Allah a baya ta ƙwalla ihu, “Kunama!” Direba ya taka burki, aka kunna fitilu, maza suka haye kujeru, wani dattijo na ta salati da takalmi a hannu. Kwandasta ya ɗago ɗaya da tsumma yana zagaya motar. “Kayan wa ne wannan?”

Na ja rawani na rufe fuska, na ci gaba da minshari. An dai raine mu da kawaici.