Wayata Ta Koma 'Yar Benin

Da aka ce gwamnatin tarayya za ta raba wa talakawa naira 25,000 duk wata har wata uku, bayan cire tallafin man fetur a 2023, ni da uwargida muka cinye kuɗin tun ba mu gan su ba. Ita ta ɗinka atamfa da baki, ni na sauya kwanon ɗaki a zuci.

Sharaɗin wai mai sauƙi ne: lambar NIN, asusun banki, da wayar da saƙo zai shigo. To, mu a Tsamiya, da ka juya fuska wajen Segbana, a ƙetaren iyaka, sai waya ta yi ƙara, ta yi maka barka da zuwa Benin da Faransanci. Tawa ta fi ta kowa rashin kishin ƙasa. Ko bayan gida na zagaya, sai ta ce na bar Najeriya.

Ranar da ake sa ran saƙon, batir ya mutu. Wutar lantarki kuwa mun manta kamanninta. Mai caji ya ce janareto ba mai, ga shi tun da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019 muka koyi sayensa a kwalba kamar turare. Na sayi kwalba guda da kuɗina, aka caja tawa da ta wasu mutum goma sha ɗaya da ko sannu ba su ce mini ba.

Saura sabis. Yara suka ce na Najeriya yana saman bishiyar bakin kasuwa. Na naɗe riga, na hau, ni da furfurata. Wata tsohuwa ta ɗaga kai.

"Malam, lafiya?"

"Gwamnati nake jira, Inna."

"Allah Ya sauko da ku lafiya, kai da ita."

Can wajen la'asar waya ta yi ƙara. Garin ɗoki na zame, wando ya tsage har gwiwa. Ashe tallan data ne, da sefa.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Bagudo don in ji ba'asin kuɗin. Wani yaro ya daddanna kwamfuta, ya ce, "Baba, a NIN Muhammadu kake, a banki Mohammed. Na'ura ta ce ku biyu ne."

Na ce, "Alhamdulillahi, sai a ba kowannenmu nasa."

Bai yi dariya ba. Ya ce maƙwabcina dai nasa ya shiga, mutumin da shanunsa ke tare hanya, don shi sunansa bai da tagwaye. Ni kuwa sai an gyara, kuma za a turo lambar gyaran ta waya.

Da na dawo, uwargida ta tare ni a zaure.

"Malam, ina atamfar?"

Na miƙa mata wandon jiya, na tambaye ta ko akwai sauran zare.