Yadda Ake Toshe Idon Maƙwabci da Ganye

Katangar gidan Bahaushe don mai tafiya a ƙasa aka gina ta, ba ta san da zuwan bene ba. Ranar da maƙwabci ya ɗora hawa na biyu, tagarsa ta fuskanci tsakar gida, daga ranar ya san abin da aka girka, da wanda ya yi wanki, da lokacin da mai gida ke yawo da gajeren wando. Ƙara bulo yana cin kuɗi, kai ƙara wurin mai unguwa yana cin zumunci. Saura dabara ta uku: jerin bishiyoyin da ba sa rabuwa da ganye rani da damina.

Zaɓen iri shi ne matakin farko, kuma nan ake yawan tuntuɓe. Aguwa da bini-da-zugu sun daɗe suna shingen gonaki, amma da rani ya kama sai su kaɗe ganye, su bar gida a buɗe daidai lokacin da zafi ke koro kowa kwanan waje. Gawo nasa tsarin daban ne, da damina yake tuɓewa. Zogale kuwa ba zai tara ganye ba muddin akwai mai sha'awar kwaɗo a layin. Mangwaro yana riƙe ganyensa, sai dai yana gayyato jifa, kuma yaron da ya hau reshe ya fi mai bene ganin ɗaki.

'Yan takara biyu suka rage, dukkansu 'yan asalin yankin Indiya. Ta farko darbejiya, wadda ta shigo Najeriya ta lardin Borno a 1928, ta zauna har ta zama 'yar gida. Ta nuna bajinta a kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, inda tun 1975 aka riƙa dasa ta layi bibbiyu don tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. Wadda ta tare iskar Sahel ba za ta kasa tare ido biyu ba. Matsalarta faɗin kai da yawon saiwa. Wanda ya manna ta da katanga ko ramin masai ya tanadi lambar magini.

Ta biyu ita ce siririyar nan mai ganye a sunkuye da masu sayar da furanni a Abuja da Kaduna ke kira maskared. Sama take miƙewa ba ta waiwaye, tana iya wuce mita 10, kuma ba ta cin fili. Sharaɗinta ɗaya: ruwa. Mai gidan da ke sayen jarka wurin 'yan garuwa ya sani ya ƙaro baki a gidansa.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wajen watan Yuli. A haƙa rami mai zurfin kamar rabin mita, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, don ɗanye yana ƙona saiwa. Maskared tana son tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, darbejiya kuwa mita huɗu. Mai gaggawar da ya cusa su kusa da juna zai samu dogayen sanduna masu rigimar ruwa. Kafin a sa magirbi a ɗaga kai a dubi wayar lantarki, domin ma'aikatan wuta ba sa neman izini kafin su yi wa bishiya aski.

Sai batun akuya. Ita ba ruwanta da sirrin kowa, sabon toho take nema. Kowane dashe yana buƙatar kewayen ƙaya, ko kwando, ko tsofaffin bulo, sannan a riƙa leƙa gindinsa saboda gara.

Daga nan sai jira. Shekara uku zuwa biyar kafin ganye ya kai tagar bene, kuma a tsawon wannan lokaci maƙwabci zai riƙa kallon ban ruwan daga sama, wataƙila har ya ba da shawara.

Akwai gargaɗi na musamman ga wanda ya zaɓi darbejiya ya dasa ta ta waje. Inuwarta za ta faɗo ƙofar gida, benci zai bayyana, mai shayi zai kafa teburi, majalisa ta haɗu. Mai bene zai daina ganin tsakar gida, amma mutum goma za su riƙa ƙirga duk ledar da ta shiga zaure.